Noman Gangaren Dutse: Yadda Ake Riƙe Ƙasa da Ruwa Har Gona Ta Biya Wahalarta

Yawancinmu Hausawan Sudan noman shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muka gada: baƙar lakar Gadarif, filayen Jazira, da gaɓar kogi daga Mai Wurno har Damazin. A irin waɗannan wurare kukan manomi shi ne ruwa ya kwanta a gona ya ƙi tafiya. A gangaren dutse kuwa ruwa ba ya tsayawa, kuma ba ya tafiya hannu rabbana, sai ya kwashi ƙasar sama ya wuce da ita. Ɗan'uwan da ya samu gona a Jabal Marra, ko a duwatsun Nuba wajen Rashad da Dalanj da Kadugli, ko a tsaunukan Ingasana, ya sare daji ya ja kunya daga sama zuwa ƙasa don ya fi sauƙi ga baya, zai ga amfani mai kyau a shekarar farko da ta biyu. Daga nan tsakuwa ta fara bayyana, kara ya sirance, ƙuduji ya cika gona. Sai ya ce ƙasa ta gaji, ya matsa gaba ya sare wani wurin, alhali ƙasar tasa tana can jibge a gindin kwari.

Mu ɗan yi lissafi, don ido kaɗai ba ya ganin girman asarar. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Ruwan sama na milimita 30, wanda a watan Agusta kan sauka cikin sa'a ɗaya ko biyu, yana zuba lita 126,000 a kan faddan ɗin nan, wato durom 630 mai cin lita 200. In ruwan ya gangara da ƙasa mai kaurin milimita ɗaya kacal, kaurin da ba wanda zai lura da shi, an yi asarar fiye da tan 5, kuma ita ce ƙasar da ta fi kowace taki. Sannan duk lokacin da gudun ruwa ya ninka, ƙarfin ɓarnarsa ninki huɗu yake yi. Saboda haka aikin manomin dutse na farko shi ne ya katse wa ruwa gudu, ya tilasta masa ya tsaya ya nutse. Zaɓen iri da taki da kasuwa duk suna zuwa ne bayan wannan.

Furawa a Jabal Marra da mutanen Nuba sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma a kan dakalai masu katangar dutse, hawa-hawa har kusa da ƙololuwa. Duk wanda ya sauka a cikinsu, kafin ya ɗaga diga, ya je ya tsuguna gaban tsohuwar katanga ya duba yadda aka jera duwatsunta, ya kuma tambayi dattijon da ke kusa ta ina ruwa ke bi in an yi mamako. Amsar da zai ba ka ta fi duk abin da za a rubuta a nan daidai da wurin da kake.

Abu biyu ake fara aunawa: tsananin gangare da zurfin ƙasa. Kayan awon ba su da tsada. A samo tiyo siriri mai haske, tsawon mita 12 zuwa 15, da sanduna biyu masu tsawon mita 2, a yi musu zane kowace santimita 5 daga ƙasa zuwa sama. A ɗaure bakin tiyon ɗaya a jikin kowace sanda, a cika shi da ruwa, a tabbata babu kumfar iska ko ɗaya a ciki, don kumfa guda tana ɓata awo gaba ɗaya. Mutum ɗaya ya tsaya a sama, ɗaya ya sauka mita 5 ƙasa da shi, kowa ya karanta inda ruwa ya tsaya a sandarsa. Bambancin da aka samu a santimita, a raba shi da 5. In ya zama santimita 50, gangaren kashi 10 cikin 100 ne. In santimita 100 ne, kashi 20. Da wannan tiyon dai ake fitar da layin daidai, wato layin da ke ratsa gangare ba hawa ba sauka: a bar sanda ɗaya a tsaye, a riƙa matsa ɗayar sama ko ƙasa har karatun biyu ya zo ɗaya, a kafa turke, a ci gaba. Da safe ya fi kyau a yi, kafin rana ta ɗumama tiyon, kuma bayan kowane turke goma a haɗa sandunan wuri ɗaya a duba ko ruwa ya zube. Kada a yarda da awon ido. Katangar da ta karkata tana tara ruwan gona duka ta kai shi wuri guda ya ɓalle, ɓarnar kuma ta fi ta gonar da ba a taɓa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Zurfin ƙasa kuma rami ake haƙawa a sama da tsakiya da ƙasan gona har a tarar da dutse. A nan wuraren namu suka bambanta. Jabal Marra tsohon dutse ne mai aman wuta, tsayinsa ya ɗan haura mita 3,000 a wajen Dariba, ƙasarsa a wurare da yawa toka ce mai zurfi da laushi, mai daɗin noma amma mai saurin zaizayewa. Gangaren duwatsun Nuba kuwa sau da yawa tsakuwa ce mara zurfi a kan ƙaƙƙarfan dutse. Abin da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da ɗayan ba.

In gangare bai kai kashi 5 ba, jeren duwatsu ya isa: a tona ɗan rami mai zurfin santimita 5 zuwa 10 a kan layin daidai, a jera duwatsu faɗin santimita 35 zuwa 40, tsayi 25 zuwa 30, manya a ƙasa, ƙanana a cusa ta gefen sama, tazarar mita 15 zuwa 30 tsakanin jere da jere. Daga kashi 5 zuwa 15 ana son katanga duk inda ƙasa ta sauka mita ɗaya, wato a gangaren kashi 10 kowace mita 10. Daga kashi 15 zuwa wajen 40 sai dakali sosai. Abin da ya wuce haka a bar wa bishiya da ciyawa, kada fartanya ta taɓa shi.

Amma kafin katanga ko ɗaya, a hau can saman gona a duba ruwan da ke shigowa daga waje, daga kan falalen dutse ko gonar maƙwabci ko hanyar dabbobi. Wannan ruwan ne ke rusa yawancin katangu, don an gina su su riƙe ruwan da ya sauka a kansu ne kawai. A haƙa lambatu a saman gona, faɗi da zurfi wajen santimita 50 zuwa 60, a zuba ƙasar da aka haƙo a gefensa na ƙasa a daddanne. A ba shi ɗan karkata, santimita 5 zuwa 10 a kowace mita 10, ya kai ruwan wata tsohuwar hanyar ruwa mai dutse ko ciyawa. Karkatar ta yi yawa, lambatun ya zama kwazazzabo. Ta yi kaɗan, yashi ya cike shi, ruwa ya tsallake. Kuma don Allah kada a juya shi gonar wani, da yawan rigimar maƙwabta a kan dutse daga nan take farawa. Haka aikin duka yake tafiya, daga sama zuwa ƙasa. Wanda ya fara gini a gindin gona don ya fi kusa da gida, ruwan farko zai same shi da nauyin gangaren gaba ɗaya.

Ita katanga ga yadda take tsayuwa. Harsashi zurfin santimita 20 zuwa 30, a kan ƙasa mai tauri wadda ba a taɓa motsawa ba, gindin ramin ya ɗan karkata zuwa cikin tudu. Faɗin gindi rabin tsayin da ake so: katangar mita ɗaya, gindinta santimita 50, samanta wajen 30. Fuskarta ta jingina zuwa tudu, santimita 15 zuwa 20 a kowace mita ta tsayi. Kowane dutse ya zauna a kan haɗin biyu na ƙasansa, tsawonsa ya shiga ciki, ba ya kwanta a fuska don kyan gani ba. Lokaci zuwa lokaci a sa dogon dutse da ya ratsa kaurin katangar duka ya ɗaure ta. Bayanta a cika da ƙananan duwatsu da tsakuwa kaurin taƙin hannu ɗaya kafin a zuba ƙasa. Ba a sa laka, ba a sa siminti. Ramukan da ke tsakanin duwatsu su ne hanyar da ruwa ke tsatsowa a hankali, in aka toshe su ruwa ya taru a baya, katanga ta yi ciki, wata rana ta kife. Duk katangar da ka ga ta kumbura a tsakiya, ɗaya daga cikin uku ne: an toshe mata numfashi, ko an gina ta a tsaye ƙyam, ko harsashinta a kan ƙasar zubi yake.

Dakali iri biyu ake yi, kuma ina da zaɓi a tsakaninsu. Na farko shi ne a yanka tudu a cike gaba, a gama shi a rani ɗaya. A gangaren kashi 20, dakali mai katangar mita ɗaya faɗinsa mita 5 ne, kuma za a yanke santimita 50 a bayansa. In ƙasarka ba ta kai santimita 70 zuwa 80 ba, ka tono dutse ke nan, sai dai ka rage tsayin katanga dakalin ya ƙara sirancewa. Dole kuma a fara kwashe ƙasar sama, santimita 15 zuwa 20, a tara ta gefe, a daidaita ta ƙasan, sannan a mayar da ita. Masu gaggawa kan tsallake wannan, su binne ƙasa mai rai a gindin katanga su shuka a kan jar ƙasa, shekara uku ko huɗu gona ba ta farfaɗo ba. Na biyu shi ne a gina katanga gajera, santimita 40 zuwa 50, a bar ruwa da noma su riƙa turo ƙasa tana taruwa a bayanta, kowane rani a ƙara jere ɗaya ko biyu, har dakali ya haɗa kansa cikin 'yan shekaru. Ga mai ƙaramin ƙarfi wannan na fi so, don ba ya rasa amfanin shekara ko ɗaya. Sai dai ya sani cewa ƙasar da ke taruwa a gaban dakali daga bayansa take fitowa, saboda haka gefen sama ne zai rame, can ya kamata yawancin taki ya tafi.

Kowane dakali bakinsa ya fi bayansa tsayi da kaɗan, a kuma yi masa ɗan leɓe na ƙasa santimita 15 zuwa 20. Kowanne ya samu ƙofar ruwa, wuri ɗaya da aka rage tsayin katanga aka shimfiɗa manyan duwatsu a inda ruwa zai faɗo. A bakin katanga a dasa gamba ko jema a jere, tazarar taƙin hannu ɗaya. Saiwarsu na riƙe ƙasa, gamba kuma ga abincin dabba ga zana.

Yanzu maganar ƙarfi. A tazarar mita 5, faddan ɗaya yana cin katanga mita 840. Ko da mutum yana gina mita 3 a wuni, duwatsu na kusa da shi, kwana 280 ne. Ba aikin rani ɗaya ba ne, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Gayya, nafir ɗin da kowa ya sani a ƙasar nan, ita ce mafita: mutum 20 za su tayar da mita 60 a wuni. A ganina rubu'in faddan da aka gama da kyau, da lambatunsa da ƙofofin ruwansa, ya fi faddan biyu da aka yi wa rabin aiki, don rabin aiki a kan dutse damina ɗaya ke share shi.

Kwazazzabo in ya riga ya buɗe, ba a tare shi da babbar madatsa guda. Ƙananan shingayen dutse ake yi a jere, kowanne bai kai mita ɗaya ba, tsakiyarsa ta fi gefensa ƙasa don ruwa ya bi ta nan, gefunan a cusa su santimita 30 zuwa 50 cikin gaɓa, a shimfiɗa duwatsu a gabansa tsawon ninki ɗaya da rabi na tsayinsa. Saman na ƙasa ya yi daidai da gindin na sama. Ƙasar da za ta taru a bayansu tana riƙe laima har cikin rani, wuri ne mai kyau na ayaba ko gwaiba ko kabewa.

Akwai wani haɗari da ba na son a wuce shi da sauri. Riƙe ruwa yana da iyaka. A gangare mai tsanani, inda ƙasa mai laushi ke zaune a kan dutse mai santsi, in ta sha ruwa kwana da kwanaki tana iya zamewa gaba ɗaya. A ƙarshen watan Agusta na 2025 ƙasa ta zaftare a ƙauyen Tarsin cikin Jabal Marra bayan ruwa mai yawa, ta binne mutane da gidajensu, Allah Ya jiƙansu. Alamun da ake dubawa su ne tsagewar ƙasa mai siffar baka a saman gangare, bishiyoyin da suka fara karkata, idon ruwa da ya ɓullo inda ba a san shi ba ko tsohon da ya koma gurɓatacce, da katangu da yawa da suka kumbura lokaci guda. In an ga haka a kwashe iyali daga ƙarƙashin wurin a daren, ba sai gari ya waye ba. A irin wannan gangare ba a yin dakali mai tare ruwa duka, ana ba shi ɗan karkata ya tsiyaye, a kuma bar manyan bishiyoyi a tsaye.

Katanga tana riƙe ƙasa, amma ba ta ciyar da ita. Faddan yana son ruɓaɓɓen taki tan 2 zuwa 3, wato kayan jaki 40 zuwa 50, kuma hawa da su tudu shi ne abin da ke sa mutane su haƙura. Dabarar ita ce garke da ramin taki su kasance a saman gona, taki ya riƙa saukowa maimakon hawa. In takin bai isa ba kada a watsa shi, a zuba cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane ramin shuka. Takin zamani ma haka, tun da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya sa ya yi wuya ya yi tsada: giram 2 na DAP, ko cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK, wajen giram 6, a kowane rami, a ɗan nesa da iri kamar yatsa uku don kada ya ƙone shi. Kada a ƙona kara da ciyawa. A shimfiɗa su a kan dakali, gara ta ci ta buɗe ƙasa. Gawon da ya tsiro da kansa a bar shi a yi masa sassabe, shi ne bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta bar wa shuka rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabba ne. Wanda ya ga gero a ƙarƙashin gawo a Wadi Azum wajen Zalinje ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Ƙuduji kuwa tsiro ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, irin kuma yana zama a ƙasa fiye da shekara 10. A tuge shi kafin ya yi fure, a fitar da shi daga gona a ƙone. Dakalin da ya kamu a huta masa da dawa da gero, a sa wake ko gyaɗa shekara biyu, a ƙara masa taki. Noma kuma kullum a ratsa gangare. Garmar jaki, wadda aka yaɗa a yankin Zalinje tun shekarun 1980, tana shiga dakali mai faɗin mita 4 zuwa 5 ba wahala.

To, ina ribar? Ba a dawa take ba. Mai gangare ba zai taɓa yin gasa da tarakta a Gadarif ko Habila wajen arhar dawa ba. Hatsi a kan dutse na ci ne, a sa shi a dakalan sama masu bushewa, a haɗa da wake. Kuɗin yana cikin abin da mutanen fili ba su da shi, wato sanyi da ruwan da ke saukowa da kansa. Kowace mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6, shi ya sa alkama da tafarnuwa da dankalin turawa da lemu suke yi a Nartiti da Golo cikin Jabal Marra. Ruwa kuma ba ya son injin ko mai in tanki na sama da shuka: tsayin mita 1 zuwa 2 ya isa ban ruwa na ɗigo a ƙaramin lambu. Tafki mai mita 4 da 3, zurfi 2, yana ɗaukar lita 24,000. In aka shafe shi aka rufe samansa, zai ba ƙananan bishiyoyi 30 lita 40 kowanne a mako har mako 20. A yi shi mai zurfi maimakon mai faɗi don rana ta rage sha, a yi masa ɗan ramin tace laka a bakin shiga, a kuma kewaye shi saboda yara.

Dankalin turawa ana shuka shi santimita 75 tsakanin kunya, 30 tsakanin tsiro, faddan yana cin iri kusan tan ɗaya, don haka kuɗin iri shi ne babban jari kuma nan ake faɗuwa. Irin da aka yi ta maimaitawa daga gona ɗaya yana tara cuta, 'ya'ya su yi ta ƙanƙancewa. A zaɓi iri daga tsiro masu lafiya tun suna gona, a sa musu alama, ba a jira sai an tara a tsince ƙananan da kasuwa ta ƙi ba. A yi masa tudu sau biyu, don wanda ya leƙo waje yana yin kore kuma tsutsa na shigarsa. Kada a mayar da shi dakali ɗaya sai bayan shekara 3, kuma kada ya bi bayan tumatir ko barkono ko yalo, cutarsu ɗaya. Kafin haƙa a yanke ganye a tsayar da ruwa kwana 10 zuwa 14, fata ta yi ƙwari. Albasa tana yin mako 6 zuwa 8 a wurin reno kafin dashe. In rabin wuyanta ya kwanta a daina ba ta ruwa, a cire, a shanya a inuwa mai iska mako biyu har wuya ya bushe sarai, a ajiye a kan gado mai tsayi daga ƙasa. Wadda aka yi wa ruwa har ranar cira ba ta wata biyu sai ta ruɓe.

Lemu jari ne mai tsawo, shekara 3 zuwa 4 kafin ɗan aure ya fara bayarwa, amma lemun Jabal Marra, musamman abu surra, wato lemu mai cibiya, sunansa ya riga shi zuwa kasuwa, kamar yadda mangwaron Abu Jibeha ya yi suna. A dasa tazarar mita 6, wurin auren ya kasance aƙalla taƙin hannu ɗaya sama da ƙasa. Kada ruwa ya taɓa gindin: a yi masa ɗan tudu a jiki, kwarin ban ruwa ya zagaya daga nesa. In aka bar gindi cikin laima ɓawo zai fara fitar da ƙaro, bishiya ta bushe a tsaye. 'Ya'yan da suka faɗo a tsince su kowane kwana biyu ko uku a binne zurfin rabin mita, nan ƙudan 'ya'yan itace ke hayayyafa. Tsakanin bishiyoyi, kafin su rufe, a ci gaba da wake da albasa.

Akwai wani lissafi da mutanen fili ba sa yi, mai dutse kuwa dole ya yi: nawa kayan jaki ɗaya zai kawo in ya isa bakin mota. Ɗanyen tumatir ruwa ne kake biya a sauko da shi, rabi kuma ya farfashe a mangala. Kilo 12 zuwa 15 na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na kauɗa, wadda ba ta tsoron rufewar hanya, kuma a wannan zamani hanya na iya rufewa mako da makonni. A yanka shi a shanya a kan tabarma ko gado, ba a ƙasa ba, don yashi ne ke karya masa farashi. Haka busasshiyar kuɓewa, barkono, tafarnuwa, zoɓorodo, riɗi da zuma, duk kaya ne marasa nauyi masu jiran kasuwa. Wake a ajiye shi a jarka mai murfi da aka cika maƙil, ko buhu mai leda biyu a ciki da aka ɗaure kowace daban, ƙwaro ya rasa iska ya mutu ba tare da magani ba. Abin da ke cinye ribar manomi tun kafin ya gan ta shi ne shel, karɓar kuɗi a watan Agusta a kan amfanin da za a biya da farashin kaka. Jubrakar bayan gida mai masara da kabewa da kuɓewa masu saurin nuna, da akuya biyu ko uku da za a iya sayarwa, su ne ke tsallakar da gida watannin nan ba tare da an miƙa hannu ba.

Dabbobin dai a ɗaure su, a yanko musu ciyawa. Akuya na ture duwatsun saman katanga, kofaton shanu na fasa leɓen dakali. A Darfur akwai al'adar talaga, lokacin da ake sakin dabbobi cikin gonaki bayan girbi, kuma mai lambun rani ko ƙananan bishiyoyi dole ya yi shinge mai ƙarfi kafin lokacin, ya kuma san inda burtali ya bi kada ya gina a kansa. Gyaran katanga ana yin sa a Afrilu da Mayu: a yashe lambatu, a mayar da duk dutsen da ya faɗi. Bayan kowane babban ruwa na farkon damina a zaga gona tun ƙasa na da laima, don a lokacin ne sawun ruwa ke nuna inda ya tsallake.

Saura magana ɗaya da ta shafe mu musamman. Da yawa daga cikinmu a waɗannan duwatsu aro ko haya muke noma, ƙasar tana ƙarƙashin hakurar wasu, wato ƙasar da suka gada bisa al'ada, ko hannun shehun gari. Katanga da bishiya aiki ne na shekaru, kuma a wurare da yawa ana ɗaukar dasa bishiya a matsayin neman mallaka, har mai ƙasa ya ji tsoro ya karɓe gonarsa. Kafin a ɗora dutse ɗaya a zauna da mai ƙasa gaban shehu ko umda, wato hakimi, da shaidu daga ɓangarorin biyu, a rubuta: shekara nawa aka ba ka, kuma kada ta gaza 8 zuwa 10 in akwai bishiya, nawa za ka riƙa bayarwa, kuma ba za a ƙara ba don gona ta gyaru, bishiyoyin na wa ne, 'ya'yansu yaya za a raba, in aka karɓi gona kafin wa'adi, me za a biya ka a kan kowace mita ta katanga. Kowa ya riƙe kwafinsa, a kuma ɗauki hoton takardar a waya. In mai ƙasa bai yarda da dogon wa'adi ba, a tsaya a jeren duwatsu da gamba da taki a ramin shuka, waɗanda ke mayar da kuɗinsu cikin damina ɗaya ko biyu, a bar babban gini sai an samu wurin da aka tabbata.